Yadda Garuruwa a Amurka Ke Sayo wa Mazaunansu Wutar Lantarki a Sari

A wasu jihohin Amurka, magidanci kan tarar da wasiƙa a akwatin saƙonninsa ɗauke da hatimin majalisar gari, tana sanar da shi cewa nan da 'yan makonni garin ne zai riƙa zaɓa masa kamfanin da zai sayar masa da wutar lantarki, kuma ga farashin da aka daidaita a kan kowane yunit. Idan ya amince, ba sai ya yi komai ba. Idan kuwa bai amince ba, sai ya sa hannu a ɗan katin da ke cikin ambulan ɗin ya mayar, ko ya buga waya, ko ya shiga intanet ya ce a cire sunansa. Wannan shi ne tsarin da Amurkawa ke kira CCA a taƙaice, wato gari ko gungun garuruwa su tattara buƙatar wutar mazaunansu wuri guda, su je kasuwa da ita, su yi ciniki da murya ɗaya.

Ba za a gane tsarin ba sai an san cewa takardar kuɗin wuta a waɗannan jihohi kashi biyu ce. Kashi na farko kuɗin wutar ce ita kanta, wadda aka samar a tashar gas ko ta nukiliya ko ta hasken rana. Kashi na biyu kuɗin kawo ta ne, wato ladan wayoyi da turaku da taransifoma da mita da ma'aikatan da ke fita gyara idan guguwa ta kayar da layi. Mai karatu a Nijeriya ya san irin wannan rabon aiki tun daga 2013, lokacin da aka sayar da kamfanonin samar da wuta da na rarrabawa irin su KEDCO, aka bar wa gwamnati manyan layukan dakon wutar. Bambancin shi ne, a jihohin Amurka da suka sake fasalin kasuwarsu a ƙarshen shekarun 1990, doka ta ba mai gida damar sayen kashi na farko daga duk kamfanin da ya ga dama, alhali kashi na biyu ya ci gaba da zama a hannun kamfanin rarrabawa guda ɗaya da ke da wayoyin yankin. To, a kan kashi na farkon kaɗai shirin gari yake aiki. Gari ba ya sayen turaku, ba ya karanta mita, ba ya aika takardar kuɗi, kuma idan wuta ta ɗauke da tsakar dare, tsohon kamfanin nan ne dai za a kira. Saboda haka bai kamata a haɗa shi da garuruwan da suka mallaki kamfanin lantarkinsu gaba ɗaya ba, kamar birnin Los Angeles, domin su wata hanya ce dabam mai cin jari mai yawa.

Dalilin da ya haifar da shirin yana cikin abin da ya biyo bayan buɗe kasuwar. Manyan masana'antu da manyan shaguna sun ci moriyar 'yancin zaɓi nan da nan, saboda suna shan wuta mai yawa kuma suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan su zauna su yi ciniki. Shi kuwa mai gida ɗaya ba shi da wannan ƙarfi, ba shi da lokacin bin farashin kasuwa, don haka mafi yawan mutane suka zauna a kan farashin da kamfanin rarrabawa ke sayo musu a ƙarƙashin sa idon hukuma. Waɗanda suka fita suka ƙulla ciniki su kaɗai da 'yan kasuwar wuta kuwa, da yawa sun gamu da farashin yaudara, mai sauƙi a watannin farko, mai tashi bayan an sakankance. Ofishin babbar lauyar jihar Masacusets ya fitar da rahoto a 2018 wanda ya nuna cewa a cikin shekara biyu kacal, magidantan da suka yi irin wannan ciniki sun biya ƙarin kusan dala miliyan 177 a kan abin da za su biya da sun zauna inda suke, kuma masu ƙaramin ƙarfi ne abin ya fi yi wa illa. Duk wanda ya dubi wannan adadi zai ga cewa 'yancin zaɓi ba tare da ƙarfin ciniki ba, sau da yawa talaka ne ke biyan kuɗinsa.

Jihar Masacusets ce ta fara halatta wa garuruwa wannan aiki a dokar sake fasalin lantarki ta 1997, kuma a wannan shekarar ce aka kafa ƙungiyar Cape Light Compact, wadda ke sayo wa garuruwa 21 na yankin Cape Cod da tsibirin Martha's Vineyard wuta. Ohayo ta biyo baya a 1999, Kalifoniya a 2002, Ilinoi a 2009, sannan jihar New York ta buɗe ƙofa ga dukan garuruwanta a 2016. A yau jihohi kusan goma ne ke da irin wannan doka, sauran kuma babu.

Matakan kafa shirin sun bambanta daga jiha zuwa jiha, amma ƙashin bayansu ɗaya ne. Da farko sai an sami izinin jama'a: a Masacusets majalisar birni ko taron gari ne ke kaɗa ƙuri'a, a Ohayo da Ilinoi kuwa sai an sa batun a takardar zaɓe mutanen garin sun amince da kansu. Daga nan a rubuta tsarin aiki, a saurari ra'ayin jama'a, a miƙa wa hukumar jiha mai kula da harkar lantarki. Yawancin ƙananan garuruwa ba su da ƙwararre a wannan fanni, don haka sukan ɗauki dillali ya tsaya musu. Shi ne zai karɓo bayanan yawan wutar da garin ke sha daga kamfanin rarrabawa, ya kira kamfanonin sayar da wuta su kawo tayi, ya kuma ba da shawarar ranar da ta dace a ƙulla ciniki. Kwangilar kan kasance ta shekara ɗaya zuwa uku, galibi a kan tsayayyen farashi. Bayan an sa hannu ne ake aika wasiƙar sanarwa, a ba mutane wa'adin fita, kwana 30 a Masacusets, kwana 21 a Ohayo. Wanda tun farko yake da nasa cinikin da wani ɗan kasuwar wuta ba a taɓa shi, sai in shi ya nemi shiga. Rangwamen da doka ta ba masu ƙaramin ƙarfi kuma yana nan daram, bai dogara da shiga ko fita ba.

Wurin da ya fi jawo gardama, kuma a ganina wurin da ya fi cancantar a tsaya a kai, shi ne yadda ake shigar da kowa ba tare da ya nema ba. Abin ya yi kama da watanda, inda 'yan unguwa ke haɗa kuɗi su sayi sa guda a yanka a raba, kowa ya sami nama a farashin da ba zai samu wajen mahauci ba. Sai dai a watanda mutum ne ke kai kuɗinsa da ƙafarsa, a nan kuwa an riga an rubuta sunansa, in ba ya so sai ya zo ya ce a goge. Masu suka suna cewa wannan shiga hurumin mutum ne, kuma suna da hujja, domin akwai tsofaffi da baƙi marasa jin Ingilishi da masu jefar da duk wasiƙar da ba su gane ba, waɗanda za a sauya musu mai sayar musu da wuta ba su ma sani ba.

Amma akwai amsoshi biyu masu nauyi. Ta farko ita ce, ko da babu shirin gari, wani ne ke zaɓa wa mai gida, wato kamfanin rarrabawa, kuma shi ma bai tambayi kowa ba. Ke nan tambayar ba ta zaɓi da rashin zaɓi ba ce, tambayar ita ce wa ya fi dacewa ya riƙe wannan amana: kamfanin da masu hannun jari suka mallaka, ko zaɓaɓɓun garin da mutum zai iya tararwa a zauren majalisa ya yi musu tambaya, ya kuma kayar da su a zaɓe mai zuwa. Ta biyu kuwa ta ciniki ce zalla. Kamfanin da zai yi tayin farashi yana bukatar ya san yawan wutar da zai saya ya tanada. Idan aka ce sai wanda ya zo ya yi rajista ne za a sa, mutane ƙalilan ne za su zo, kuma sai an kashe kuɗi wajen talla da bin gida gida, wanda a ƙarshe a kan farashin wutar za a ɗora shi. Idan kuwa kowa na ciki sai wanda ya fita, akasarin gidaje kan zauna, kamfanin ya san girman kasuwar da zai samu a rana ɗaya ba tare da ya kashe ko sisi a talla ba, ya kuma sassauta farashi. Ƙarfin shirin gaba ɗaya daga nan yake fitowa. Kuma daga nan ne nauyin da ke kan gari yake fitowa, domin wanda ya ɗauki shirun mutane a matsayin yarda, wajibi ne ya bayyana musu komai cikin harshen da suke ji, ya kuma bar ƙofar fita a buɗe ba tare da tara ba.

Sai batun farashi, wanda shi ne abin da mai gida ya fi damuwa da shi. A nan wajibi ne a faɗi magana ɗaya ƙarara: babu garin da zai iya yin alkawarin cewa wutarsa za ta fi ta kamfanin rarrabawa araha a kowane lokaci, kuma shirye-shiryen da ke da gaskiya suna rubuta hakan a cikin wasiƙarsu. Dalili shi ne, farashin kamfanin rarrabawa yana sauyawa a kai a kai, a Masacusets duk wata shida ga gidajen zama, alhali na gari a ɗaure yake na shekara ɗaya zuwa uku. Duk abin da kasuwa ta yi a tsakanin, ɗayan biyun zai fi ɗayan.

Birnin Boston na jihar Masacusets ya ga fuskar abin mai daɗi. Ya fara shirinsa a watan Fabrairun 2021, kuma ya riga ya ɗaure farashi kafin Rasha ta mamaye Yukren a 2022, abin da ya sa iskar gas ta yi tashin gwauron zabi. Yankin arewa maso gabashin Amurka ya dogara ƙwarai ga gas wajen samar da wuta, don haka a farkon 2023 farashin kamfanin Eversource, mai rarraba wa Boston wuta, ya haura sent 25 a kan kowane yunit (sent 100 ne dala ɗaya), yayin da mazaunan Boston da ke cikin shirin birni suke biyan kimanin sent 11. Gidan da ke shan yunit 600 a wata, bambancin sent 14 ya kai dala 84 a kowane wata, kuma a tsakiyar hunturu ne, lokacin da kuɗin ɗumama gida ya riga ya danne mutane. Sai dai da kwangilar ta ƙare a ƙarshen 2023 aka sabunta ta, farashin birnin ya haura sent 14, na kamfanin kuma ya sauko, ratar ta ragu sosai.

Shikago ta ga ɗayar fuskar. Masu zaɓe sun amince da shirin a watan Nuwamban 2012, aka fara a 2013, kuma da farko an sami rangwame mai kyau. Amma asalin rangwamen shi ne, kamfanin ComEd, mai rarraba wa birnin wuta, yana ɗaure da tsofaffin kwangiloli masu tsada. Da wa'adinsu ya cika, farashinsa ya faɗi, rangwamen ya gushe, kuma a 2015 birnin ya mayar da mutanensa ga ComEd ya rufe shirin. A Ohayo abin ya fi haka tsanani. Ƙungiyar NOPEC, wadda ke sayo wa garuruwa sama da 200 wuta, ta tarar da kanta a 2022 tana sayarwa a kan kusan ninki biyu na farashin kamfanin rarrabawa, saboda ita tana bin kasuwar da ta yi zafi, shi kuma ya sayi tasa tun kafin tashin. Sai ta yanke shawarar mayar da kimanin masu mita 550,000 ga kamfanin, ta sake ɗaukarsu a 2023 bayan lamarin ya juya. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin gazawa, kuma kamfanonin da nauyin ya faɗo wa ba zato sun yi ƙorafi. Ni dai ina ganin ƙungiyar da ta ce wa mutanenta su tafi inda ya fi musu sauƙi, ko da hakan ya rage mata kuɗin shiga, ta yi abin da aka kafa ta dominsa.

Kalifoniya ta ɗauki wata hanya da ta fi zurfi. A can garuruwa ba sa tsayawa a ɗaukar dillali su miƙa wa kamfani ɗaya kwangila. Sukan kafa hukuma ta kansu, mai ma'aikata da asusu, wadda ke yanka farashi da kanta, ta ƙulla yarjejeniyar shekaru masu yawa da masu gina tashoshin hasken rana da na iska da rumbunan batir, ta kuma ajiye rarar da ta samu ko ta zuba ta cikin ayyukan yankin. Ta farko ita ce ta gundumar Marin, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2010. Kamfanin PG&E, mai rarraba wutar yankin, bai karɓi abin da hannu biyu ba, domin ya kashe kimanin dala miliyan 46 wajen goyon bayan wani ƙuduri mai lamba 16, wanda da ya wuce sai an sami kashi biyu cikin uku na masu zaɓe kafin gari ya kafa irin wannan shiri. Masu zaɓe sun yi watsi da shi a watan Yunin 2010. Daga baya Sonoma ta bi sahu a 2014, San Francisco a 2016, yankin Los Angeles a 2018, San Diego a 2021, har ta kai yau hukumomi sama da 20 ne ke sayo wa miliyoyin 'yan jihar wuta.

Wannan hanya tana da nata nauyin. Na ɗaya shi ne kuɗin fita, wanda ake kira PCIA. Tun kafin gari ya ɓalle, kamfanin rarrabawa ya riga ya ƙulla dogayen kwangiloli da lissafin waɗannan mutanen, wasu a kan farashin da ya fi na yau tsada. Doka ta ce bai halatta a bar wa waɗanda suka rage wannan bashi su kaɗai ba, don haka waɗanda suka koma shirin gari suna ci gaba da biyan kasonsu a kan kowane yunit. Manufar adalci ce, amma yadda ake lissafin adadin ya zama fagen jayayya ta shekara da shekaru a gaban hukumar jiha, kuma duk lokacin da ya tashi yakan cinye rangwamen da gari ya samo. Mai gida a Kalifoniya da ke son kwatanta farashi dole ne ya haɗa wannan layi da farashin gari, in ba haka ba lissafinsa zai fito da ƙarya. Na biyu shi ne haɗarin karyewa. Hukumar Western Community Energy ta gundumar Riverside ta fara aiki a 2020, ta haɗu da annobar korona da ta hana mutane biyan kuɗi da kuma tsananin zafin bazarar da ya tayar da farashin sari, ba ta kuma da ajiyar da za ta jure. A watan Mayun 2021 ta bayyana karyewarta a kotu, masu mita sama da dubu ɗari suka koma kamfanin Southern California Edison. Wutarsu ba ta ɗauke ba ko na minti ɗaya, domin wayoyin ba su taɓa barin hannun kamfanin ba.

Garuruwa da yawa ba don rangwame kaɗai suke shiga ba, suna so ne su ƙara kason wutar da ba ta gurɓata iska. Shikago ta sa sharaɗin kada a sayo mata wutar kwal. Boston tana da matakai uku, mai araha, da na tsakiya wanda ake sa kowa a kai, da na sama wanda aka ce duka daga tsabtatacciyar hanya yake. A nan ma akwai abin lura. Wutar da ke shiga gida daga layi ɗaya take fitowa da ta maƙwabci, ba yadda za a ware ta hasken rana daga ta gas. Abin da ake saye takardar shaida ce, wadda ake ba mai tashar iska ko ta hasken rana a kan kowane yunit dubu da ya samar. Takardun ba darajarsu ɗaya ba. Akwai masu arha da ke fitowa daga tsofaffin tashoshi a jihohi masu nisa, waɗanda sayensu ba ya sa a gina komai sabo, akwai kuma masu tsada na sababbin tashoshin yankin, waɗanda ƙaruwar buƙatarsu kan jawo sabon gini. Gari biyu za su iya rubuta kashi ɗari bisa ɗari a takardunsu, alhali tasirinsu ya yi hannun riga.

Akwai kuma masu fakewa da sunan shirin. 'Yan kasuwar wuta kan aika wakilai su ƙwanƙwasa ƙofa ko su buga waya, su nuna kamar daga gari suke, su nemi a nuna musu takardar kuɗin wuta, su kwafi lambar asusun, su mayar da mutum kan cinikinsu. Garuruwa sukan nanata cewa ba sa aika kowa gida gida, ba sa kuma neman lambar asusu ta waya, tun da shigarwar ba ta bukatar haka.

Abu na ƙarshe da ya kamata mazaunin gari ya sa wa ido shi ne yadda ake biyan dillali. A Masacusets an saba ɗora ladansa a kan farashin wutar, kimanin kashi ɗaya cikin goma na sent a kowane yunit. Ga gida ɗaya wannan bai taka kara ya karya ba, gidan da ke shan yunit 600 sent 60 zai biya a wata, amma idan aka tara na gari guda kuɗi ne masu kauri, kuma suna zuwa ne muddin shirin yana tafiya. Ma'ana, mutumin da gari ya dogara da shi wajen sanin ko ya dace a sabunta kwangila ko a dakata, shi ne kuma wanda zai yi asara idan aka dakata. Wannan ba zargin rashin gaskiya ba ne ga kowa, yadda tsarin ya ginu ke nan, kuma maganinsa shi ne majalisar gari ta riƙa wallafa farashinta gefe da gefe da na kamfanin rarrabawa duk lokacin da ɗayansu ya sauya, ta faɗi adadin ladan dillali a fili, ta kuma tattauna batun sabuntawa a zaman da jama'a za su iya halarta tun watanni kafin wa'adin kwangilar ya cika.